Duk wanda ya je gwaji sai a ce "maleriya da taifod": ina gaskiyar take?

Maman Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga ma'aikatan lafiyar da ke zauren nan, don abin ya daɗe yana cin raina. A unguwarmu ba wanda zai yi zazzaɓi ya je lab ya dawo ba a rubuta masa "maleriya da taifod" ba. Ni an rubuta min, an rubuta wa maigidana, an rubuta wa maƙwabciyata, har yarinyar da ke taya ni aiki. Shin taifod ɗin ne ya yi yawa haka a gari, ko akwai abin da ba mu gane ba? Abin da ke ɗaure min kai kuma, in an sha maganin ana samun sauƙi.

Baban Sadiƙ:
Wa alaikumus salam. Ai Hajiya kin ba kanki amsa. An gwada an gani, an sha magani an warke. Me kuma ya rage? Ki duba ruwan da muke saya a wurin 'yan garuwa, ki duba kwatocinmu da damina. In ba mu yi taifod ba wa zai yi?

Ɗan Lab:
Wa alaikumus salam Anti. Wannan aikina ne, bari in faɗi abin da ke faruwa a kan teburinmu. Gwajin da ake yi muku sunansa Widal. Wani likita Bafaranshe mai wannan suna ne ya fito da shi tun 1896. Ba ƙwayar taifod yake nema a cikin jini ba. Abin da yake dubawa shi ne garkuwar da jiki ya haɗa don yaƙar ƙwayar, ita ce O da H da kuke gani a takarda, da lambobi irin 1/80 ko 1/160.

Matsalar ita ce wannan garkuwa tana iya kasancewa a jinin wanda ya taɓa yin taifod tuntuni ya warke, da wanda aka yi wa rigakafinsa, da wanda ya haɗu da wasu ƙwayoyin 'yan uwan taifod, har ma da mai maleriya. Mu da muka tashi a inda ruwa ba shi da tsabta, da yawanmu in aka ɗebi jininmu yau, muna zaune lafiya lau, lambar za ta nuna wani abu. Yadda aka tsara gwajin ma, sau biyu ake ɗibar jini, a bar tazarar mako ɗaya zuwa biyu, a ga ko lambar ta ninka sau huɗu. A nan sau ɗaya ake yi, cikin 'yan mintoci a miƙa wa mutum takarda.

Baban Sadiƙ:
To in haka ne me ya sa kuke yi kuna karɓar kuɗinmu?

Ɗan Lab:
Yaya, tambayarka a kan hanya take. Ana yi ne saboda shi ke da araha, shi likitoci da masu kemis ke rubutowa, shi kuma mutane ke zuwa su nema da bakinsu. Akwai wanda in ka ce masa ba a ga taifod ba, ransa ɓaci yake, ya tafi wani lab ɗin. Ban ce hakan daidai ne ba.

Likitar Yara:
Sannunku. Maman Ummi, na ji daɗin tambayar nan ƙwarai, don kullum da ita nake kwana nake tashi a asibiti. Akwai kuskuren tunani guda biyu a cikin maganar, kuma ba marasa lafiya kaɗai ke yin su ba, mu ma'aikata ma muna yi.

Na farko shi ne juya magana. Gaskiya ne in mutum yana da taifod zai yi zazzaɓi da ciwon kai da kasala. Amma wannan ba ya nufin duk mai zazzaɓi da ciwon kai taifod gare shi. In an yi ruwan sama tsakar gida za ta jiƙe, amma in kin fito kin tarar da ita a jiƙe, zai yiwu wanki aka yi aka zubar. Sai kin leƙa waje kin ga ko titi ma ya jiƙe. Zazzaɓi haka yake: maleriya na kawo shi, ciwon sanyin mafitsara na kawo shi, limoniya, ciwon maƙogwaro, ciwon kunne a yara, sanƙarau, tarin fuka, da ƙwayoyin bairos masu wucewa da kansu. Widal ma haka yake. Mai taifod na iya nuna lamba mai yawa, amma lamba mai yawa ba ta tabbatar da taifod.

Bari in yi lissafi, lambobin na ƙaddara su ne don misali kawai. A ce masu zazzaɓi 100 sun zo, 5 daga cikinsu taifod ne na gaske. A ce gwajin ya kama 4 daga cikin biyar ɗin. Sauran 95 kuma, a ce yana kuskure a kan ɗaya cikin kowane biyar, wato mutum 19. To mutum 23 ke nan za su fita da takarda mai cewa taifod, alhali 4 ne kacal ke da shi. Sauran 19 za su sayi maganin da ba sa bukata, cutar da ke damunsu kuma ba a taɓa ta ba. Ga kuma mutum ɗaya mai taifod na gaske da aka sallama aka ce ba shi da shi.

Auta:
Anti Likita na biyun fa?

Likitar Yara:
Na biyun shi ne "na sha na warke, ashe maganin ne". Abu ya biyo bayan abu ba ya nufin shi ya haddasa shi. Duba abin da ake ba mai "maleriya da taifod": maganin maleriya, da Cipro ko wani antibayotik, da farasitamol, wani lokaci har da ƙarin ruwa. In maleriya ce, maganin maleriyar ne ya yi aiki, Cipro ya tafi a banza. In bairos ne, ko ba a sha komai ba cikin 'yan kwanaki jiki zai warware. In ciwon mafitsara ne, Cipro ɗin zai iya kashe shi bisa dace, sai a tafi da cewa taifod aka warkar. Hanyoyi uku ke nan da mutum zai warke ba tare da ya taɓa yin taifod ba. Kuma ku lura, mutum yakan nemi magani ne ranar da ciwo ya fi tsananta. Daga ƙololuwa kuwa yawancin ƙananan cututtuka sauka suke yi, duk abin da aka sha a ranar shi zai kwashe yabo.

Mai Kemis:
Likita, da girmamawa, duk abin da kika faɗa na yarda da shi a takarda. Amma ki zo ki zauna a shagona na yini ɗaya. Mutum zai zo da ɗansa jiki kamar wuta, abin da ke aljihunsa bai kai kuɗin mota zuwa babban asibiti ba. Gwajin kalcha, na tsirar da ƙwayar daga jini, da kuke cewa shi ne na gaskiya, ina ake yinsa a unguwa? Nawa ne? Kwana nawa kafin ya fito? In na ce masa ya tafi sai an tabbatar, gida zai koma ya jiƙa saiwa. Ni a ganina gara a ba mutum goma magani tara ba sa bukata, da a bar ɗaya ya mutu.

Hajiya Babba:
Ɗana mai kemis ka faɗi abin da ke zuciyata. Jikana ya yi zazzaɓi ya kai mako biyu ana cewa maleriya ce, ana ta allura. Rana ɗaya ciki ya kumbura ya yi tauri, yaro ba ya ko son a taɓa shi. Da aka kai shi asibiti aka ce hanji ya huje, taifod ne, sai da aka yi masa aiki. Allah ya tashi kafaɗunsa amma mun ga tashin hankali. Don Allah kada yaran zamani su karanta wannan su ce taifod ƙarya ne.

Likitar Yara:
Allah ya ƙara masa lafiya, Mama. Wallahi ba ƙarya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum wajen miliyan 9 suka kamu da shi, kusan 110,000 suka rasu. Hujewar hanjin nan kuma muna ganinta, yawanci in ciwon ya shiga mako na uku ba a yi maganin da ya dace ba.

Amma Mama ki duba labarin da kyau. Abin da ya cuci jikanki shi ne an kafe a kan suna ɗaya, aka ƙi sake tunani. An ce maleriya ce, an ba da maganin maleriya, kwana uku ba sauƙi. A nan ya kamata wani ya tsaya ya ce: in da maleriya ce kaɗai, da maganin nan ya fara aiki, bai yi ba, ashe akwai wani abu. Wannan shi ne tunanin da ke ceton rai. Kuma zai yiwu gwajin maleriyar tasa ya nuna akwai, don a wurarenmu mutum na iya ɗauke da ƙwayar a jini ba ita ke kwantar da shi ba, kuma ɗan gwajin nan na tsinke yakan ci gaba da nuna layi biyu har makonni bayan an warke. Cewa Widal ba abin dogaro ba ne daban, cewa babu taifod daban. Ni na farkon nake faɗa.

Malam Na Zaure:
Assalamu alaikum. Ina ta bin maganar a hankali. Abin da Likita ta kira juya magana, mun karanta shi a zaure a fannin manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani, a babin ƙiyasi mai sharaɗi. In aka ce "in kaza ya tabbata, to kaza ya tabbata", na farkon ana ce masa muƙaddami, na biyun tali. Malamai suka ce hanyoyi biyu ne kawai ke haifar da sakamako. In ka tabbatar da na farko, na biyu ya tabbata. In ka kore na biyu, na farko ya koru. Amma tabbatar da na biyu ba ya haifar da komai, kore na farko ma haka. Wanda ya ce "akwai zazzaɓi, don haka taifod ne" ya tabbatar da tali ne, bai samu komai ba. Wanda ya ce "ba maleriya ba ce, don haka yaron lafiyarsa ƙalau" ya kore muƙaddami ne, shi ma bai samu komai ba. Abin da Likita ta ce a kan jikan Hajiya kuwa shi ne kore tali, kuma ingantacce ne.

Sannan hadisin da Muslim ya ruwaito cewa kowace cuta tana da magani, ƙarshensa cewa ya yi idan aka dace da maganin cutar sai a warke da izinin Allah. Dacewa kuwa ba ta samuwa sai an san cutar. Saboda haka neman tabbaci ba raunin tawakkali ba ne.

Auta:
Allah ya gafarta Malam, ban taɓa sanin ana karanta wannan a zaure ba. Mu a makaranta sai aka nuna mana kamar daga Turawa abin ya faro.

Malam Na Zaure:
Asalinsa daga Girkawa ne, ɗiyata, Musulmi suka fassara shi suka faɗaɗa shi. Likitocinsu ma sun yi aiki da shi. Abubakar Ar-Razi, wanda ya yi aiki a asibitocin Rayyu da Bagadaza ya rasu wajen shekarar 925, ya rubuta cewa ya yi wa wasu masu alamun ciwon ƙwaƙwalwa tsagar fitar da jini, ya bar wasu da gangan bai yi musu ba, don ya kwatanta. Ibnu Sina kuma ya gindaya sharuɗɗan gwada magani, daga ciki akwai cewa a gwada shi a kan cuta guda wadda ba ta cakuɗe da wata ba, kuma amfaninsa ya riƙa maimaituwa, in ba haka ba dace ne kawai.

Likitar Yara:
Na gode Malam. Ita kanta tsagar da Ar-Razi ya yi, ilimin yau bai karɓe ta a matsayin maganin sanƙarau ba, amma dabarar ajiye rukunin kwatance ita ce ginshiƙin gwajin magunguna har gobe. A 1747 wani likitan jirgin ruwan Birtaniya, James Lind, ya raba matuƙa 12 masu ciwon zubar jinin dasashi gida shida, ya ba kowane gida abu daban. Waɗanda aka ba lemo da lemon tsami su suka murmure. Da duka ya ba su abubuwa shidan a haɗe, da ba a san wanne ya yi aiki ba. Mu kuwa a haɗe muke bayarwa, sannan mu zaɓi wanda za mu yaba.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa gare ku duka. Nan wajenmu ma haka ne, duk masassara palu ce, wato maleriya, har sai an ga ta ƙi. Amma ni abin da ya fi damuna masu maganin mota da lasifika a kasuwa. Kwalba ɗaya: taifod, basir, shawara, sanyi, dattin ciki. In ka sha ka yi gudawa su ce cutar ce ke fita. In ba ka yi ba su ce yana aiki a ciki. In ciwon ya ƙaru su ce ya taso da ita ne, ka sayi kwalba ta biyu. To yaushe ne za a ce maganin bai yi ba?

Ɗan Lab:
Babu ranar, Yaya, kuma nan ne alamar. Maganar da ba abin da zai faru ya ƙaryata ta, ba ta gaya maka komai ba. Kuma shaidun da suke kawowa na waɗanda suka warke ne. Wanda ƙodarsa ta lalace ba ya dawowa kasuwa ya karɓi lasifika.

Baban Sadiƙ:
To ku na asibiti fa? Ku ne kullum masu gaskiya? Mu mutanen Kano ba mu manta da 1996 ba, da kamfanin magani na Pfizer ya yi gwajin sabon maganinsa Trovan da yara 200, kusan rabinsu aka ba shi, lokacin annobar sanƙarau, 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Da farin kaya aka zo aka yi. Yanzu kuma ku ce mu yarda da ku mu bar na gargajiya.

Likitar Yara:
Yaya, abin da ka faɗa ya faru, kuma ba zan kare shi ba. Iyaye sun ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, aka yi shekaru ana shari'a, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Duk wanda ya ji tsoro bayan wannan yana da dalili. Amma ka duba, laifin da aka yi a 1996 ba ya mayar da Widal ingantacce, ba ya kuma mayar da kwalbar mai lasifika magani. Kowace magana a auna ta da hujjarta. Ni ma ban ce ka yarda da ni don ina sa farar riga ba. Ai abin da nake suka tun ɗazu aikin asibiti ne da lab, ba na boka ba. Ka tambaye ni, ka tambayi duk likitan da ka je wurinsa: me ya sa ka ce wannan ce cutar? Me kuma zai iya zama? In na sha maganin kwana nawa zan jira, kuma me zan gani in san ba ita ba ce?

Baban Sadiƙ:
Wasu likitocin in ka yi tambaya faɗa suke. Ko kallonka ba sa yi suke rubutu.

Maman Ummi:
Wannan gaskiya ne wallahi. Amma ni dai zan fara tambaya ko za a harare ni.

Mai Kemis:
Likita har yanzu ba ki amsa tawa ba. Talaka a gabana, kalcha babu. Me zan yi?

Likitar Yara:
Ban manta ba, Alhaji, taka ce ma ta fi wuya. Da farko lissafin "gara a ba goma" yana da ɓangaren da ba ka sa a sikeli ba. Taran nan da ba sa bukata ba a banza suke sha ba. Kuɗin cefanensu ya tafi. Cutarsu ta gaskiya ta samu ƙarin kwanaki. Sannan ƙwayoyin cuta suna sabawa da maganin. A lardin Sindh na Pakistan, daga 2016, an samu taifod da ya bijire wa kloramfenikol da amfisilin da Septrin da Cipro har da seftriyazon, sai 'yan magunguna kaɗan suka rage. In irin wannan ya bazu a nan, ɗayan da kake son ceta shi ne zai rasa magani.

Shi kalchan ma ba cikakke ba ne. Ana sa jini ne a kwalba ta musamman a jira ƙwayar ta tsiro, yana ɗaukar kwanaki, kuma yakan kama kamar rabi ko fiye da rabi kaɗan na masu ciwon, in an riga an sha antibayotik kuma ya ƙara raguwa. Wato in ya nuna akwai, to akwai. In bai nuna ba, bai wanke mutum ba. Shi ya sa a inda ba kayan aiki likita kan ba da maganin taifod bisa alamu, kuma wannan ba laifi ba ne in an yi shi da tunani: zazzaɓin da ke hawa kullum ya wuce kwana uku zuwa mako, ga ciwon ciki, ga kasala mai tsanani, an gwada maleriya babu ko an yi maganinta bai sauka ba, an duba ƙirji da fitsari da maƙogwaro. Wannan daban yake da mai ciwon kai na yini ɗaya da aka miƙa wa takardar 1/160.

Abin da ke hannunka shi ne gwajin maleriya na tsinke, tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani. In ya nuna, ka ba da cikakken maganin kwana uku, ka ce su dawo in ba sauƙi. In bai nuna ba, ko sun dawo jiki na nan, ka tura su. Jariri ɗan ƙasa da wata biyu mai zazzaɓi, mai ciki, yaron da ke suma ko jijjiga ko ya kasa sha, wuya ya sanƙare, ciki ya kumbura, baƙin bayan gida: waɗannan ko minti ɗaya kada su yi a shago.

Mai Kemis:
Na turawa ina yi, Allah ya sani. Amma akwai waɗanda na tabbata ba za su je ba, kuma su ne ke hana ni barci. A kansu ban gamsu ba tukuna.

Hajiya Babba:
Irin waɗannan ka riƙa kiran wani babba a gidansu ka gaya masa da bakinka, ɗana. Mu da wani ya ce mana hanji na iya hujewa, da ko bashi ne mun ci mun tafi tun makon farko.

Auta:
Anti Likita, ana cewa taifod in ya shiga jini ba ya fita, shi ya sa yake tasowa duk bayan wata biyu. Haka ne?

Likitar Yara:
A'a ƙanwata. Wanda ya sha maganin da ya dace ya cika kwanakinsa yakan warke sarai. Kaɗan yakan dawo musu cikin 'yan makonni, wasu kaɗan kuma ƙwayar kan zauna musu a matsarmama suna yaɗa ta ta bayan gida, amma su galibi ba sa jin ciwon komai. Abin da ke "tasowa duk wata biyu" yawanci garkuwar nan ce da Ɗan Lab ya yi bayani, tana nan a jini, duk ranar da aka gwada za a gan ta. Mai irin wannan zazzaɓi ko kasala da ke yawan dawowa, a duba yawan jininsa, da sukari, da fitsari, da tarin fuka, da ciwon hanta.

Ɗan Lab:
Auta, in mai wannan matsalar a gidanku yake, ya tattaro duk takardun gwajin da aka taɓa yi masa da kwalayen magungunan da ya sha ya tafi da su asibiti. Kuma kada ya sha wani antibayotik kafin a ɗebi jinin.